Laɓewa Ta Fi Motsi

A Valdivia ruwan sama ba ya sallama.
Kwana tara ke nan yana dukan rufi,
kogi ya cika ya batse har bakin kasuwar kifi,
ni kuwa ina hawa na uku, daga ni sai firji mai gurnani
da 'yar kwalba a naɗe cikin baƙar takarda
don kada haske ya gan ta kafin lokaci.

Rini ne a ciki. Na ɗiga ɗigo ɗaya a ruwa zalla,
na haska shi. Shiru.
Ya haɗiye hasken, bai ce uffan ba.

Don Baldomero, shekara talatin da ɗaya a ɗakin nan,
hannunsa ya fara rawa, ya daina riƙe bututun awo,
amma baki bai gaji ba.
Ya ce: Rayén, ba rowa yake yi ba.
Zobe biyu ne da 'yar gada a tsakani,
kuma ba ya zama. Juyi yake kamar mazari.
Duk hasken da ya ci, a juyi yake ƙarewa,
ya fice a ɗumi,
ɗumin da ko fatar jariri ba za ta ji ba.

Sai na kawo zaren.
Ignacia Painemal ce ta shafo shi da auduga
daga cikin wani ɗan kwaɗo da bai wuce farce ba,
a dajin Oncol, taɓo har gwiwa.
DNA: igiya biyu a tufke,
tsani murɗaɗɗe, mataki bisa mataki.

Rini ya ga tsaga, ya kutsa a kwance.
Tufka ta ɗan warware, tsani ya ɗan miƙe
ya ba baƙo wuri.
Sama ta danne, ƙasa ta tokare,
ruwa ya kewaya bai sami ƙofa ba.
Mazari ya tsaya cak.

Na kashe fitilar ɗaki, na kunna shuɗiya.

Kore!
Kore shar, a inda dazu babu komai.
Shuɗi na ba shi, kore ya maido,
ya cire la'adarsa a hanya kamar kowane dillali.
An ce motsi ya fi laɓewa.
Mai wannan magana bai taɓa shigowa nan da dare ba.

Akwai wani a aljihun tebur, shi ba ya kutse.
Kwanciya yake a ƙaramin kwarin da ke bin murɗar tsani,
ga tsirfa: sai inda A da T suka yi layi,
can yake miƙe ƙafa ya yi shuɗi.

Zari ya kama ni, na ƙara ɗigo uku.
Haske ya dusashe.
Sun yi cunkoso, kowa na miƙa wa maƙwabci abin da ya samu
har ya salwanta a tsakani.
Tsoho ya yi dariya har da tari.
Ya ce shi ma ya yi haka, shekarar da aka haife ni.

Na sake daga farko. Ƙarfe ɗaya saura.
Layi takwas a kan faranti mai santsi,
bakwai duhu,
na biyar yana ci kamar idon kyanwa.
Ba zaren kwaɗon nake nema ba,
na cutar da ke cin fatarsu ne,
kuma ga shi.
Abu mafi kyau da na gani a makon nan
saƙon mutuwa ne ga wani tafki.

Ɗauki hoto, in ji shi, daina kallo,
kallo ma cinye shi yake.
Gaskiya ne. Ina tsaye koren yana kodewa.

Ya ɗauki lemarsa mai karyayyen haƙarƙari.
Na ji takunsa yana sauka, mataki, mataki.
Lambar Ignacia tana kan allo.
Na bar ta ta yi barci tukuna.